Abin da Ke Ƙarƙashin Riga: Bindiga, Kube da Zaman Zangon Kumasi

A watan Yulin 2025, wasu mutane a kan babur suka harbe sarkin Kusasawa mazauna jihar Ashanti a kusa da gidansa a Asawase, cikin tsakiyar Zangon Kumasi. Nan take zukatan mutane suka tafi ga rikicin sarautar Bawku da Kusasawa ke ciki, wanda a lokacin Asantehene, sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu yake ƙoƙarin sulhuntawa a fadarsa ta Manhyia, 'yar tafiya kaɗan daga inda aka yi harbin. Kwanaki kaɗan bayan haka kwamitin tsaro na jihar ya fitar da matakai. An hana hawa babur bayan ƙarfe 7 na dare. An kuma hana mai tuƙa babur sanya batakari, wato rigar saƙi ta mutanen Arewa da wasu ke kira fugu, saboda a cewar hukuma ana ɓoye makami a ƙarƙashinta.

Wannan mataki na biyu shi ne ya tsaya mini a rai, har yau bai wuce ba. Batakari ce Kwame Nkrumah da abokansa suka saka a daren da aka ayyana 'yancin kan Ghana ranar 6 ga Maris, 1957. Batakari ce babbar rigar yaƙin sarakunan Asante, wadda aka lulluɓe da layu, malaman Musulmi suka rubuta, dukawa suka ɗinke a fata. Rigar da ake sakawa don neman tsari daga harsashi, ita ce yau ake kallo da zargin tana ɗauke da harsashin. Wanda duk ya taɓa zama a Aboabo ko Sabon Zango ko Yalwa ya san abin da wannan ke nufi ga dattijon da ya saba saka rigarsa ya hau babur zuwa suna ko jana'iza.

Na kawo wannan ne saboda wata tambaya da ta fara yawo a wayoyin samarinmu. A majalisun shayi da ake kira bes, inda ake kwana ana hira kan ƙwallo da siyasa da hanyar Turai, yanzu akan ga yaro ya ɗaga waya yana nuna wa abokansa bidiyon wani Ba'amurke a YouTube ko TikTok yana bayanin ƙaramar bindigar da ta fi daɗin ɗauka, da kuben da ya fi kwanciya a ƙugu ba tare da kowa ya gane ba. Masu bayanin suna magana cikin natsuwa, kamar mai zaɓen takalmi. Yaran kuma suna kallo da sha'awa. Ya kamata a amsa musu da gaskiya, a gaya musu daga ina maganar ta fito, me take nufi a can, kuma me za ta zama idan ta sauka a gidan haya na Zango.

Amurka ƙasa ce da riƙe makami yake cikin tsarin mulkinta tun 1791. A 2008 kotun ƙolinta ta ce wannan 'yanci na kowane mutum ne a gidansa, a 2022 kuma ta ce 'yancin ya haɗa da fita da ƙaramar bindiga waje don kare kai. Fiye da rabin jihohinta a yau ba sa buƙatar wani izini na musamman kafin baligi ya ɓoye bindiga a jikinsa. Cibiyar binciken ƙananan makamai da ke Geneva ta ƙiyasta a 2018 cewa akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun fararen hular Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A irin wannan wuri, zaɓen bindiga da kube ya zama babbar kasuwa, da shagunanta da makarantunta da mujallunta.

Abin da suke tattaunawa a can ba shi da wuyar fahimta. Bindiga babba mai nauyi ta fi sauƙin saiti, ba ta zabura sosai a hannu idan an harba, amma ɗaukarta daga safe har dare azaba ce. Ƙarama ta fi daɗin ɗauka, sai dai tana dukan hannu, kuma sai wanda ya daɗe yana horo yake iya samun abin da ya nufa da ita. Glock 19, wadda 'yan sandan ƙasashe da dama ke riƙewa, idan an cika ta da harsashi nauyinta ya kusa kilo guda. Irin su Sig Sauer P365 da ta fito a 2018 an yi su ne don rage wannan nauyi. Shi kuwa kube, masana a can sun yi ittifaƙi a kan abu uku: dole ya rufe kunamar bindigar ruf yadda yatsa ko bakin riga ba zai taɓa ta ba, dole ya riƙe ta kada ta faɗo, kuma dole bakinsa ya tsaya a buɗe kada ya lanƙwashe lokacin mayar da ita. Shi ya sa da yawa suka bar fata mai laushi suka koma wata roba mai tauri da ake kira Kydex. Sannan duk wannan yana rataye ne a kan bel mai kauri da aka yi don aikin.

Duk wanda ya saurari masu koyarwar da kyau zai lura cewa rabin maganarsu a kan haɗari ce. Suna jan kunne a kan mutanen da suka harbi cinyarsu wajen mayar da bindiga kube, da yaran da suka tsinci bindigar uba a aljihun mota, da fushin kan hanya da ya ƙare a kabari. Wannan rabin shi ne yaranmu suke tsallakewa.

Dokar Ghana

A Ghana riƙe bindiga ba 'yanci ba ne, alfarma ce da hukuma ke bayarwa kuma take iya karɓewa. Tushen dokar shi ne dokar makamai da harsasai ta 1962 da kuma ta 1972, wadda aka yi wa gyara a 1996 da 2001. Mai neman lasisi sai ya kai shekara 18, yana da cikakken hankali, 'yan sanda sun bincika tarihinsa ba su same shi da laifi ba. Rajistar makaman tana hannun sashen binciken manyan laifuka na 'yan sanda a Accra, birnin da mu a Zango muke kira Ankara. Bindigar farauta ita ce aka fi bai wa manoma da mafarauta izini. Ƙaramar bindiga kuwa sai da amincewar Ministan Harkokin Cikin Gida. Kowane lasisi yana mutuwa ranar 31 ga Disamba, sai an sabunta. Ko mai lasisi ba shi da ikon nuna makami ko harba shi a bainar jama'a sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda. Wanda aka kama da bindiga ba izini kuwa, dokar manyan laifuka ta 1960 ta sa laifinsa a sahun farko, sahun da hukuncinsa kan kai ɗaurin shekaru masu yawa.

Wannan ita ce doka a takarda. A ƙasa kuwa, binciken da Hukumar Kula da Ƙananan Makamai ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2007, ta gudanar tare da Cibiyar Kofi Annan ta Horar da Masu Wanzar da Zaman Lafiya a 2014 ya ƙiyasta bindigogi miliyan 2.3 a hannun fararen hula. Kusan miliyan 1.2 ne kawai suka taɓa shiga rajista, kuma a cikin masu rajistar kaɗan ne suke komawa sabunta lasisi kowace shekara. Sauran miliyan 1.1 babu wanda ya san hannun da suke.

Wasu daga cikinsu sun shigo ne ta kan iyaka, daga ragowar yaƙe-yaƙen Laberiya da Saliyo da Kwaddibuwa, yanzu kuma ga wutar Burkina Faso tana ci a arewa. A watan Disambar 2015 'yan sanda sun gano tarin bindigogin yaƙi da harsasai a wani gida a Alabar, unguwar da kowane ɗan Zango ya sani da hada-hadar fatake da 'yan canji. Wasu kuma a gida ake ƙera su. Masanin tsaro Kwesi Aning ya yi rubutu tun 2005 a kan maƙeran ɓoye na Ghana, ya nuna cewa sana'ar ta yaɗu a sassan ƙasar, daga Alavanyo a jihar Volta har zuwa kewayen Kumasi, garin da ke da Suame Magazine, ɗaya daga cikin manyan matattarar maƙera da kanikawa a Afirka ta Yamma. Doka ta hana ƙera bindiga ba tare da izinin gwamnati ba, amma hannun da ya iya gyara injin tirela ba ya rasa dabarar lanƙwasa bututu.

To a nan ne bidiyon Ba'amurke da rayuwar Zango suke rabuwa. Bindigar da za ta iya faɗawa hannun saurayi a Kumasi ba Glock ba ce sabuwa a kwali. Mafi yawanci ƙirar gida ce, ba ta da makullin da za a dogara da shi, ba wanda ya gwada ƙarfin ƙarfenta, ba kuben da aka auna da ita. A ƙugu ake soke ta tsirara, ko a jefa a 'yar jakar rataye tare da makullai da caja. Tana iya tashi don an yi tuntuɓe. Tana iya fashewa a hannun mai ita.

Jikin ɗan Zango

Ko da a ce mutum ya bi duk ƙa'ida, ya sami izinin minista, ya sayi ta kirki daga dillali mai lasisi, akwai abin da masu bidiyon ba su sani ba game da yinin Bahaushe.

Wandonmu na kaftani mazagi gare shi, ba bel ba. Mazagi ba ya ɗaukar kilo guda na ƙarfe. Sau biyar a rana muna tsugunawa mu yi alwala, mu tattare riga, mu ɗaga hannu. Muna ruku'u, muna sujada, kafaɗa da kafaɗa da na kusa, na baya yana kallon bayanmu. A tabarma muke zama mu ci tuwon zafi da hannu, kwano ɗaya da 'yan'uwa. Gaisuwarmu ba ta nesa ba ce, ana riƙe hannu, ana rungumar wanda ya dawo daga Makka. Ka shiga gida, 'ya'yanka da na maƙwabta su yi tsalle su ɗare jikinka suna Baba oyoyo, hannuwansu daidai ƙugunka. A cikin pragya, wato keke mai ƙafa uku, ko motar haya zuwa kasuwar Kejetia kuwa, mutum a matse yake da wanda bai sani ba. Ga zafi da raɓar Kumasi, gumi yana cin ƙarfe yana ruɓar da fata.

Sai dare. Yawancin gidajen Aboabo da Asawase gidajen haya ne na tsakar gida ɗaya, iyali goma ko fiye, kowa da ɗakinsa, banɗaki na kowa da kowa. Ɗakin da mutum yake kwana shi ne falonsa, shi ne ma'ajiyarsa, nan yara ke wasa da rana idan ya fita. Ina zai ajiye ta? Ƙarƙashin katifa, wurin da kowane yaro ɗan shekara shida ya san ana ɓoye abu mai muhimmanci? Idan zai shiga wanka, wa zai ba ajiya? Ba'amurken da ke bayani a waya yana da gida shi kaɗai, da akwatin ƙarfe mai lamba, da filin koyon harbi da yake zuwa duk mako. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a lungunmu.

Ba na raina tsoron da ke sa mutum tunanin makami. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Falken shanu da ke bin hanyar Techiman da Kintampo zuwa Buipe, ko ta Ejura da Atebubu zuwa Yeji, ya san 'yan fashi suna tare hanya. Ɗan canji a Alabar yana yini da kuɗin mutane a hannunsa. Yarinyar da ke zaune a rumfar tura kuɗi ta waya ta ji labarin 'yan'uwanta masu irin sana'ar da aka harbe saboda cinikin yini ɗaya. Waɗannan mutane ba mafarkin fim suke yi ba. Amma ɗan fashi shi ke zaɓen lokaci, kuma da bindiga a hannu yake zuwa, ba a kube ba. Wanda ya kai hannu ƙugu a wannan daƙiƙa, sau da yawa ya mayar da fashi kisan kai, kuma bindigarsa ta ƙaru a cikin kayan da aka sace. Abin da ya fi rage wa fatake asara a 'yan shekarun nan shi ne daina yawo da tsabar kuɗi, da tafiya cikin ayari da rakiyar 'yan sanda a hanyoyin da aka sani da haɗari, wato dabarar da madugai suka sani tun zamanin jakuna.

Kube a al'adarmu

Hausawa ba baƙin makami ba ne, kuma ba baƙin Kumasi ba ne. Goro ne ya kawo kakanninmu. Ayarin fatake daga Kano da Katsina suna ratsa Borgu su sauka Salaga a ƙasar Gwanja, su sayar da kanwa da tufafi da kayan fata, su ɗauki goron dajin Asante. Lokacin da Baturen Ingila Thomas Bowdich ya iso Kumasi a 1817, ya tarar da Musulmi a fada suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu. Waɗannan ayarori da makamansu suke tafiya, kwari da baka, mashi, takobi. Bindigogi kuwa Asante ce ke da su, tana sayensu daga Turawan bakin teku, kuma ta tsare hanya sosai kada su wuce arewa. Sarakunan Asante sun fahimci tun a wancan lokaci cewa wanda ya san inda kowace bindiga take shi ke da ƙasa.

Daga baya ma da bindiga a kafaɗa wasu Hausawan suka shigo. Sojojin da Kyaftin Glover ya tara, waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover, sun yi yaƙin 1873 zuwa 1874 da aka ƙone Kumasi. Da su aka kafa rundunar 'yan sandan Gold Coast, kuma suna cikin ganuwar Turawa ta Kumasi lokacin da Yaa Asantewaa ta yi mata ƙawanya a 1900. Ganuwar tana nan, ta zama gidan tarihin soja, duk mai so yana iya zuwa ya ga irin bindigogin. Bayan wannan yaƙi ne Zangon Kumasi ya bunƙasa ya zama gari cikin gari, da sarkinsa da limamansa da alƙalansa.

Abin lura a duk wannan tarihi shi ne yadda ake ɗaukar makamin. Takobi a fili ake rataya shi, da hamila a kafaɗa. Kubensa aikin baduku ne, fatar akuya da majema suka jeme da bagaruwa, aka rina ja ko kore, aka yi mata zane da tuntu. Jar fatar Sakkwato da ta Kano ita ce ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Kube yana hana kaifi cutar mai shi da na kusa da shi, kuma yana shaida wa kowa wane ne wannan. Dogari da kayansa, maharbi da warkinsa da layunsa, mahauci da wuƙarsa, wanzami da zabirarsa. Kowane mai ƙarfe yana da sarkin sana'arsa, Sarkin Baka ko Sarkin Fawa ko Sarkin Aska, wanda za a kai wa ƙara idan ya yi ba daidai ba. Har wuƙar da matafiyi ke ɗaurawa a damtse, an san da ita, an san ta hanya ce, kuma idan aka sauka gidan mai masauki akan ajiye kayan faɗa.

Addini ma a kan wannan ya tsaya. A cikin Bukhari da Muslim akwai hadisan da ke umartar wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni, da waɗanda ke hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Malamanmu na Zango suna karantar da su. Damuwar shari'a a nan tana kan mutumin da ke gefe, wanda bai san komai ba, ya fito sayen koko da ƙosai.

Bindigar da aka ɓoye a ƙarƙashin riga ta warware duk wannan tsari. Ba ta da sarki. Maƙwabci bai san da ita ba, liman bai sani ba, sau da yawa matar gida ma ba ta sani ba. Mai ita kaɗai ya sani, kuma sanin yana canja shi. Gardamar da da za ta ƙare da zagi da shiga tsakanin dattawa, Alhaji yi haƙuri, Malam bar shi don Allah, yanzu tana da wata ƙofa ta uku da mutum ɗaya ne kawai ya san a buɗe take. Na ga yadda samari ke canja tafiya idan suna jin akwai abu a jikinsu. Murya takan ɗaga, haƙuri yakan gajarta.

Wanda ke biyan kuɗin zargi

Akwai wani dalili da ya sa wannan magana ta fi nauyi a Zango fiye da unguwannin Kumasi irin Bantama ko Ahodwo, kuma dole a faɗe shi ƙarara.

Ranar 17 ga Yuli, 2018, 'yan sanda suka harbe samari bakwai a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne da suka yi musayar wuta da su, suka nuna makamai. Samarin 'yan Zangon Kumasi ne, an san su, an san iyayensu. Asawase ta kama wuta da zanga-zanga. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike, kwamitin ya ce bai sami hujjar da ke nuna cewa mamatan 'yan fashi ne ko sun yi musayar wuta da kowa ba. An dakatar da 'yan sanda 21, aka bai wa kowane iyali sidi 250,000. Kuɗi ba su dawo da kowa ba.

Abin da ya wanke waɗannan samari a idon duniya shi ne al'umma ta iya tsayawa ta ce mun san 'ya'yanmu, ba masu riƙe bindiga ba ne. Wannan shaida ita ce garkuwar Zango mafi ƙarfi, kuma kowace bindiga da wani yaro ya soke a ƙugu tana huda ta. Idan ɗauka ta zama ruwan dare, ɗan sandan da ya ga hannu ya nufi aljihu zai harba kafin ya tambaya, kuma ba za a sami bakin kare wanda aka kashe ba. Hana batakari a 2025 ɗanɗano ne na wannan: mutum biyu ko uku suka ɓoye makami, dubbai suka wayi gari ana zargin rigarsu.

Sannan a tambaya, wa ke kawo wa yaran Zango bindiga tun asali? Tarihi bai ɓoye amsar ba. Tun rikicin siyasar Kumasi na 1954 zuwa 1956, lokacin da jam'iyyar Musulmi ta haɗa kai da masu neman tarayya a kan jam'iyyar Nkrumah, ake neman ƙarfin samarin Zango a ranar faɗa. Da ƙura ta lafa, a 1957, shugabannin Zango biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, su aka kora daga ƙasar. A 1969 dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta kwashe dubban mutanen zanguna. Bayan shekara hamsin salon bai canja ba. A ranar 31 ga Janairu, 2019 aka yi harbe-harbe a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Ankara, a watan Fabrairu kuma aka harbe wani saurayi har lahira a ofishin jam'iyyar NDC na jihar Ashanti a Kumasi, cikin rikicin ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa. Kwamitin bincike na Emile Short ya zauna kan rikicin zaɓen, majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin banga a shekarar. Manyan jam'iyyun biyu duk sun yi kiwon irin waɗannan ƙungiyoyi. 'Ya'yan masu ba da makamin suna jami'a a Legon ko a Ingila. Wanda aka ba shi ne ke ƙarewa a asibitin Komfo Anokye, ko kurkukun Kumasi, ko maƙabartar Tafo.

Wani abin da ya kamata mu duba a tsakaninmu shi ne harbin murna. A bukukuwan sarauta da jana'izar manya da wasu shagulgula, harba bindigar gargajiya da albarushi tsohuwar al'ada ce a Asante da Dagbon. Amma yanzu samari suna zuwa da bindigogi masu harsashi na gaske, suna harbi sama a tsakiyar taro don a ɗauke su a waya. Harsashin da ya hau sama sai ya sauko, kuma an sha binne mutane a Ghana saboda wannan.

A ƙarshen 2025 gwamnati ta yi shelar afuwa: daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Janairun 2026, duk mai bindiga ba bisa ƙa'ida ba ya kai ta ofishin 'yan sanda, ba kamu, ba tuhuma. Wanda ya yi shelar shi ne Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Muntaka Mohammed-Mubarak, ɗan majalisar Asawase tun 2005, wato ɗan unguwa ne da ya san lungunan da ake magana a kai. Afuwa irin wannan tana cin nasara ne gwargwadon yardar da ke tsakanin mutane da 'yan sanda, kuma a Zango wannan yarda ta ji rauni a 2018. Shi ya sa nake ganin aikin ya fi ƙarfin ofishin 'yan sanda shi kaɗai. Saurayin da ke tsoron shiga caji ofis da bindiga a jaka zai iya kai ta wurin limamin unguwarsu, ko fadar Sarkin Zango, ko wurin sarkin ƙabilarsu, in an tsara hanyar da za su miƙa ta ga hukuma ba tare da an bi sawunsa ba. Iyaye mata sun fi kowa sanin ɗakin da ake ɓoye abu. A ba su hanyar da za su yi magana ba tare da sun jefa ɗansu kurkuku ba.

Ga 'yan kaɗan ɗin da sana'arsu ta sa hukuma ta ba su lasisi, nauyin da ke kansu ya wuce sabunta takarda a watan Janairu. Su nemi horo na gaske wurin wanda hukuma ta yarda da shi. Kada bindiga ta zauna ba kuben da ya rufe kunamarta. A gida ta kasance a kulle, harsashi a wani wuri dabam, makulli a jikinsu. Kada ta je masallaci, kada ta je gidan biki, kada ta je wurin da ake gardamar fili ko ta siyasa. Wanda ya ga ba zai iya cika waɗannan ba a gidan da yake zaune, ya mayar da ita.

Dukawan Zango suna nan har yanzu, a Alabar da gefen babbar kasuwa, suna zaune da basilla da zare da guntayen fata. Suna ɗinka takalma da jakunkuna da layu, da gafakar Alƙur'ani, da kuben wuƙar mahauta da masu cincinga, wato tsire. Gab da Babbar Sallah aikin kube yakan yi yawa, domin kowane magidanci yana fito da wuƙar layyarsa a wasa ta. Bayan an yanka rago an feɗe, akan wanke ta, a shafa mata mai, a mayar da ita kube, a rataye a saman ƙofa inda hannun yaro ba ya kaiwa, kowa a gidan yana ganinta har wata shekarar.